Teburin Rauta Mai Sitiyari da Birki

Duk wanda ya shigo shagon nan karo na farko, kafin ya tambayi gado ko ƙofa sai ya tambayi abin da ya kawo sitiyarin mota jikin teburin kafinta. Ku ma da kuka zo koyon aiki haka kuka yi, har ɗayanku ya kama yana murzawa yana kukan mota da baki. Na ƙyale shi ne don ban gama sanin ɗan gidan wane ne ba. To ku sami wuri ku zauna in gaya muku, tunda kun saba ganin wani a waya ya haɗa kabad cikin minti uku, kuna zaton kafinta hutawa yake yi ana biyansa.

Aikin farko da ubangidana Malam Tanko ya ba ni shi ne miƙar da tsofaffin ƙusoshi. Wata shida ina zaune a kan turmin icce da guduma da gwangwani biyu, ɗaya na lanƙwasassu, ɗaya na miƙaƙƙu. Da yamma zai zo ya juye na miƙaƙƙun a tafin hannu, ya tsince rabi ya mayar mini gwangwanin farko. Bayan ƙusa aka ƙara mini girma zuwa goge katako da samfefa. Sai da na shekara biyu kafin ya bar ni na riƙe kurfin sassaƙa, ranar kuwa ya tsaya a kaina kamar an ba ni jaririn wani. Mutumin Durun ne ta ƙasar Kabo, amma shagonsa a nan Gwarzo yake, wannan da muke ciki. Tef yana rataye a wuyansa kullum, sai dai don dogon awo kawai. In aka zo ƙaramin awo, da ashana yake yi. Zurfin rami ashana biyu, kaurin ado ashana huɗu. Bai taɓa shan taba ba, amma ba a raba aljihunsa da kwalin ashana.

Na yi aure a hannunsa, na haifi 'ya'ya, furfura ta fara fito mini a gemu, duk ina shagon nan. Ya sha ce mini in je in buɗe nawa, ni kuma in ce sai baɗi.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda ƙofofin ƙarfe suka cika kasuwa. Mutumin da ubansa da kakansa suka kwana bayan ƙyauren katako lafiya, sai ka ji yana cewa katako ba tsaro. Masu walda suka yi ta ƙiba, mu muna gyaran ƙafar benci da marfin akwati. Akwai satin da aikin da ya shigo mana gaba ɗaya shi ne ƙotar fartanya uku da allon makaranta ɗaya. A shekarar ne Malam ya sayar da ɗan bijiminsa, ya tafi Kano ya dawo da rauta a cikin buhu, ya ce in ƙarfe ya fi mu ƙarfi, ai bai fi mu ado ba.

Rauta dai kun gan ta. Inji ne mai juya ɗan baki na ƙarfe da gudun tsiya, shi ke fitar da ado a gefen katako, irin wanda kuke gani a allon gado da fuskar ƙofa. Da hannu ake tura ta, amma Malam ya ce dogon katako ba ya son haka. Ya yi wannan tebur da maɗaci, ya huda tsakiya, ya kife rautar a ƙarƙashi, bakinta kawai ke leƙowa sama. Kai kuma ka turo katako a kai. Aiki ya yi kyau, masu gadon amare suka dawo, masu ƙofa ma suka fara waiwayowa.

Matsalar guda ce. In za ka ɗaga bakin ko ka saukar da shi, sai ka shiga ƙarƙashin tebur. Ka durƙusa, ka cusa kai, ka saki ɗan hannun da ke kulle ta, ka tura injin sama da kafaɗa, ka kulle, ka fito, ka duba da ashana. In bai yi ba ka koma. Ado ɗaya yakan ci shiga huɗu ko biyar, ƙofa ɗaya kuma tana da ado kala uku. Kuma Malam ya kafa doka: saita baki aikin mai shago ne. Ni ba na taɓawa sai ranar Juma'a, da yake yana wuni a Durun.

Haka muka yi shekaru, har gwiwoyinsa suka fara ba shi labari. A lokacin ya haura saba'in. Ina ganin yadda yake dafa tebur kafin ya sauka, da yadda yake daɗewa kafin ya fito, amma ban ga fuskar magana ba. Mutumin da ya koya maka riƙon guduma ba ka buɗe baki ka ce masa ya tsufa, ko da naka gemun ya yi fari.

Wata Talata da hantsi ya shiga ƙarƙashi, sai ga wata Hajiya ta zo duba gadon 'yarta. Ta yi sallama, ya amsa daga ƙarƙashin tebur.

"Malam, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ya gida?"

"Lafiya. Ya aiki? Ya mutanen Durun?"

"Duk kalau. Ya yara? Ya shirin biki?"

Suka gaisa har kan dabbobi, ba ta ga komai nasa ba sai tafin ƙafa. Ta jira ya fito, bai fito ba. Ta fara ba tafin ƙafar bayanin irin adon da take so, shi kuma yana ta bubbuga sifana jikin ƙarfe wai aiki yake. A nan na gane ba aiki yake ba, tashi ne ya gagara. Kuma ba zan ja ubangidana ta ƙafa a gaban mace ba. Na zagaya da Hajiya shago sau uku, na nuna mata gadon, na nuna mata kabad ɗin wasu, na nuna mata har katakon da ba a taɓa ba. Sai da ta yi kusan rabin awa ta tafi. Na sauke labulen buhu na bakin ƙofa, na kama shi ta hammata na fito da shi. Ya zauna ya kakkaɓe hula, ya ce notin ne ya cije.

Ban gaya wa kowa ba, amma Gwarzo ba ta buƙatar a gaya mata. Kwana biyu sai ga babban ɗansa Nasiru, malamin makaranta ne a Kabo, ya jingine babur ya durƙusa ya gaida uban, sannan ya shiga magana a hankali.

"Baba, mun yi shawara da 'yan'uwa. Aikin nan ya isa haka. Ka zauna a gida ka huta, mu muna nan."

"In huta in yi me?"

"Ka huta kawai, Baba. Na ma sayo maka kujera."

"Ta wane katako?"

Nasiru ya sunkuyar da kai. "Ta roba ce."

Na ɗauka Malam zai jefe shi da kurfi. Shekara hamsin yana yi wa mutane kujera, ɗan cikinsa ya je ya sayo masa ta roba. Amma sai ya ce, "Ranar da na kasa saita rautar nan da hannuna, ranar zan bi ka. Ba kafin nan ba."

"To Baba, Asabar ta sama ba makaranta. Zan zo in gani da idona."

"Allah ya kai mu."

Kwana tara ke nan. Ni na san ba zai iya ba, shi ma ya sani. Kuma na san irin su Malam, in ka zaunar da su a ƙofar gida suna kallon kaji, ba sa shekara. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Dabarar tana kaina tun tuni: a sa wani abu a ƙarƙashin injin da zai riƙa ɗaga shi, a fito da hannunsa waje. Abin da ya gagara shi ne yadda zan faɗa. In na ce don gwiwarsa ne, na zage shi. In na taɓa masa inji ba izini, na fi zaginsa. Saboda haka washegarin Juma'a, da Malam ya dawo daga Durun, na shigo shago a karkace, hannu ɗaya a ƙugu, na ce bayana ya riƙe tun jiya da na shiga ƙarƙashin tebur.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ashsha. Sannu, Ilu."

Kafin azahar ya aika an kira wanzami. Na ce ai da sauƙi, ya ce ciwon baya ba a wasa da shi. Aka kwantar da ni a kan bencin wani da ba a gama ba, aka kafa mini ƙaho shida a lafiyayyen bayana. Malam yana tsaye yana nuna wa wanzami wuraren da ya tsallake. Da na koma gida, mai ɗakina ta ga tsaga, hankalinta ya tashi. Ban gaya mata gaskiya ba, don abin da ta sani da safe, maƙwabta sun san shi kafin la'asar. Ta jiƙa mini ɓawon maɗaci, kofi guda safe da yamma, tana tsaye sai na shanye. Shekara talatin ina yanka maɗaci, a satin nan ya rama. 'Yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa. Wani ya ce in daina cin tuwon dare, wani ya ce in riƙa kwana a ƙasa, ita kuma duk ta karɓa ta aiwatar.

Wuri ɗaya ne ban yarda na karkace ba, masallaci. Zan yi wa Malam ƙarya, amma ba zan kai ta gaban Allah ba. Ranar Litinin muka fito daga azahar muna neman takalma, ya matso kusa da ni.

"Ilu, wannan ciwon naka mai ladabi ne. Da an tayar da sallah sai ya tsaya a waje tare da takalma."

Na ce, "Yana ɗan lafawa ne, Malam."

"Haka ne. Su ciwo kala-kala ne."

Na ga in ban yi magana ranar ba, wani ƙahon zai sa a yi mini. Muna komawa shago na ce, "Malam, da za ka yarda in yi wa teburin nan 'yar dabara, yadda ranar Juma'a ba sai na shiga ƙarƙashi ba."

Ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga. "Saboda bayanka?"

"Saboda bayana."

"To. Saboda bayanka, na yarda. Ni dai ba na bukata. In ka ɓata mini rauta kuma, ka san hanyar Kano."

Jak na ɗaga mota na samo a Kabo, wajen wani abokina Sale makanike, irin ƙaramin nan mai buɗewa kamar almakashi. Na kafa katako mai kauri a tsakanin ƙafafun tebur, na ɗaure jak a kai da noti huɗu. Tsakanin jak da kan injin na sa guntun maɗaci da na fafe daidai kan, na huda shi wuri shida. Ku riƙe wannan: ta kan nan rauta ke shan iska, in ka toshe shi ka dafa injinka. Daga nan mai walda ya haɗa mini rodi da kunnen jak, na fito da shi ta gaban tebur. Sai na ga rodin ya fito daidai gwiwa, wato mai murzawa sai ya sunkuya, an gudu ba a tsira ba ke nan ga mutumin da nake yi domin shi. Na koma wajen Sale ina neman abu mai faɗi, ya tono mini sitiyarin wata tsohuwar mota da kaji ke ƙwai a cikinta. Da aka ɗaura shi, samansa ya zo daidai hannun mutum a tsaye. Ba don ado na sa shi ba, kun ji dalili.

Ranar Alhamis muka gwada. Muna da aikin ƙofofi shida na wani Alhaji daga Unguwar Tudu, maɗaci zalla, shi ya kawo katakonsa. Na murza sitiyari, baki ya taso sumul, na saukar, ya sauka. Malam yana gefe ya harɗe hannu a baya kamar ba ruwansa. Na saita ashana huɗu, na tayar da inji, na turo katako mai ƙafa bakwai.

Adon ya faro da zurfinsa, gwanin kyau. Wajen tsakiya ya fara ramewa. Kafin ƙarshe ya ɓace gaba ɗaya, katako ya fita fes kamar ba a taɓa shi ba. Na ce ko hannuna ne, na sake saitawa, na turo na biyu. Shi ma haka. Malam ya nuna mini gaban tebur da haɓa.

"Motarka tana tafiya ba direba."

Na duba, ga sitiyari yana juyawa da kansa a hankali. Girgizar injin ce ke warware jak. Ɗan hannun da ke kulle rautar na bar shi a sake, don yana can ƙarƙashi, kuma duk wahalar nan don kada a shiga ƙarƙashi ake yin ta. Na yi tunanin ɗagawa, ban yi tunanin riƙewa ba. Katakon Alhaji biyu sun tafi, sai da muka nemo madadinsu daga namu.

"Cire tarkacen nan," in ji Malam.

"Malam, a ba ni zuwa gobe."

"Jibi Asabar."

"Na sani."

Shi ne karo na farko da ɗayanmu ya ambaci ranar. Ya ɗauki katakon da ya lalace ya juya shi, yana duban ko za a fitar da ƙafar kujera a ciki. Tsoro ya kama ni sosai, ba na katako ba.

Juma'a da sassafe, Malam yana Durun, na kwanta a ƙarƙashin tebur da bayan nan nawa da gari ya san ba ya lanƙwasuwa. Mai shayi na tsallake ya leƙo ya ce ashe an samu sauƙi, na ce gwaji nake yi. Na ɗaure wani siririn rodi jikin ɗan hannun kullewa da noti biyu, na fito da shi gefen sitiyari, na sa masa hannun birkin babur a baki don a ji daɗin kamawa. Ka ture shi gaba, inji ya saki. Ka murza sitiyari. Ka jawo shi baya, ya cije. Na tura ragowar katako goma sha biyu kafin a tafi masallaci, ina auna farko da ƙarshen kowanne. Ko kaurin gashi bai sauka ba. Mai shayi ya ce saura hon da lamba.

Asabar da hantsi Nasiru ya iso, kujerar roba ɗaure a bayan babur, wai in an gama sai a wuce da ita Durun gaba ɗaya. Aka gaisa. Malam bai ga birkin ba sai da safen nan, kuma sau ɗaya na nuna masa, ya ce ya gani, shi ba yaro ba ne.

"Faɗi tsayin da kake so," ya ce wa ɗan.

Nasiru ya ce, "Milimita shida."

"Ilu, nawa ke nan da Hausa?"

"Ashana uku, Malam."

Ya zaro uku ya tsuke su a yatsu, ya dafa su gefen bakin. Ya ture birki. Ya kama sitiyari da hannu ɗaya, mutumin da ko keke bai iya ba, ya murza a hankali yana leƙe ta saman tabarau. Ya wuce kaɗan, ya dawo. Ya ja birki. Na tayar da inji, ya turo katakon ƙofar Alhaji da kansa tun daga farko har ƙarshe, ya busa ƙurar, ya miƙa wa Nasiru tare da tef ɗin wuyansa.

Nasiru ya auna wannan kai, ya auna wancan, ya auna tsakiya.

"Baba, ai ba haka muka yi ba. Ba ka shiga ƙarƙashi ba."

"Cewa na yi zan saita da hannuna. Na ce maka da rarrafe?"

"Wannan abin wa ya haɗa shi?"

"Ilu ne, saboda bayansa. Ni aro nake yi."

Nasiru ya juyo ya dube ni. Na yi sauri na kai hannu ƙugu, sai dai na manta wane gefe nake kamawa duk satin. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sauke murya.

"Yaya Ilu, ya jikin?"

"Da sauƙi, Malam Nasiru."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Kwance kujerar nan ka ajiye wa masu jiran aiki," in ji Malam. "In ka je gida ka ce a aiko mini da abincina nan, yau ƙofa biyu za mu gama."

Nasiru ya kwance kujera, ya durƙusa ya yi sallama, ya hau babur. Malam ya tsaya yana sauraro har ƙarar ta ɓace ta hanyar Kabo. Bai juyo ya dube ni ba. Ya ɗora tafin hannu a kan tebur ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Ilu." Shekara talatin da wani abu ina tare da shi, ban taɓa jin ta daga bakinsa ba sai ranar.

"Tsayuwar me kake yi? Miƙo na gaba."

Na miƙa masa. Ya ƙara shekara huɗu a shagon nan, a tsaye.